Saƙon da ya yi karo ba shara ba ne

Aikin digirina na biyu a kan ƙananan tashoshin ƙasa ne, masu aika gajerun saƙonni zuwa tauraron ɗan'adam ba tare da an raba wa kowa lokacinsa ba. Tauraron na can sama, kilomita 35,786, kuma saƙo kan ci kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya hau ya sauko. Don haka tasha ta kasa kunne ta ji ko wata na aikawa kafin ita ta aika ba shi da amfani a nan, abin da ka jiyo ya riga ya wuce.

Na fara kwaikwayon a kwamfuta da ALOHA, tsarin da Norman Abramson ya ɓullo da shi a Jami'ar Hawaii. Kowa ya aika sa'ad da ya ga dama, saƙonni su yi ta karo da juna suna lalacewa, don haka layin sadarwar ba ya wuce kashi 18 cikin ɗari na ƙarfinsa. Da na yanka lokaci gurbi-gurbi, ya kai 37. A nan na cije har wata guda.

Wata rana malamina ya leƙo allon, ya ga manhajata tana share duk gurbin da saƙo biyu suka haɗu. Ya ce, "Kai, wa ya ce ka zubar? Ajiye shi."

Ashe abin da injiniyoyin hukumar sararin samaniya ta Turai suka yi ke nan a 2007, a tsarin CRDSA. Kowace tasha tana aika kwafi biyu a gurabe daban, kowanne ɗauke da alamar inda ɗan'uwansa yake. Idan ɗaya ya iso lafiya, sai mai karɓa, wato na'urar da saƙonnin ke isa gare ta, ya sake gina siginarsa, ya je gurbin da aka yi cunkoso ya ɗebe ta. Saƙon da ke ƙarƙashi ya fito, shi ma ya nuna inda tagwayensa yake. Haka ake ta warwara kamar zaren hula. Na samu wajen kashi 55.

Murna ta sa na yi ganganci. Na ɗauka ɗebewar na fita tas, alhali kuskure kaɗan wajen ƙiyasta ƙarfin sigina ko juyawarta yana barin saura, sauran kuma su taru su zama hayaniya. Sai da na sake lissafi daga tushe.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tashoshi biyu su zaɓi gurabe biyu iri ɗaya. Ba bakin zare, ba abin ja. Kwafi uku ya rage wannan matsalar sosai, amma da na ƙara yawan tashoshi sai layin ya durƙushe farat ɗaya. Dole na sa mai karɓa ya riƙa sanar da tashoshi su sassauta tun cunkoso bai kai can ba.