Talata, a layin baya

Yau Madam ta sallama mini layuka uku na can ƙarshen aji. Tun da na fara koyon aikin mataimakiyar malama a ajinta na CI, wato ajin farko na firamare, a nan Maradi, aikina bai wuce raba alli, goge tabulo (babban allon aji) da raka masu jin fitsari ba. Bayan an ɗaga tuta mun shiga, sai ta ce, "Ƙanwata, yau kar ki kalle ni. Koma baya ki kalli hannuwansu."

Wajen lissafin ka tana bin hanyar nan da malamai ke kira La Martinière. Za ta faɗi tambaya sau biyu, kowa ya ɗaga allinsa sama. Ta buga sanda a tebur, su rubuta a ardwaz, ɗan allon da ke hannun kowane yaro. Ta sake bugawa, su ɗaga. Kafin ka ce kwabo ta ga amsar yara sama da 80. Na daɗe ina sha'awar wannan dabara, amma sai yau na gane abin da take ɓoyewa. Wanda ke tsaye gaban tabulo amsa kawai yake gani, bai san ta inda ta fito ba. Akwai wani yaro a layi na biyu daga ƙarshe da ardwaz ɗinsa kullum daidai take, har Madam na yaba masa. Ashe ba ya rubuta komai sai sanda ta biyu ta kusa sauka, sannan ya saci kallon na maƙwabciyarsa, ya zana cikin sauri. Wata 'yar ƙarama kuma tana rubuta 3 a juye, sai ta goge da yawu ta ɗaga allon babu komai, don kar a yi mata dariya. Daga gaban aji za a ce ba ta san amsar ba, alhali ta sani.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗan tsamurmuri da ke taya uwarsa sayar da awara a unguwar Zariya da yamma. Madam ta tambayi uku da huɗu da Faransanci, ya yi zuru. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Idan wani ya sayi awarar dala uku, wani ya sayi ta dala huɗu, nawa za ka kai wa Inna?" Ko numfashi bai ja ba ya ce dala bakwai, har da kallon raina tambayar. Yaron nan ya fi ni saurin ba da canji. A ganina rabin waɗanda ake cewa ba su da kai a CI, harshen da ake yi musu magana da shi ne bai shige su ba tukuna. Tun 1973 aka soma gwada koyarwa da Hausa a Zinder, kuma a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma a ajinmu littafin da ke hannun Madam na Faransanci ne. Har zuwa ranar da hakan zai canza, sai dai a samu wani ya durƙusa a layin baya.

Da aka fita rekire, wato ɗan hutun yara, iska ta taso, ƙura har cikin haƙora. Madam ta aike ni in ce wa mai ƙosai ta matsar da murhunta nesa da ajin zana da ke kusa da namu. Matar ta yi ta mita, ta ce shekara nawa tana nan. Na ce, "Yi haƙuri, Inna, ba ni na ce ba." Ta matsa. Babu malamin Maradi da ya manta gobarar Nuwamban 2021, wadda ta cinye azuzuwan zana tare da yara aƙalla 25, kuma Madam ba ta wasa da zancen wuta ko kaɗan. Ta nuna mini inda zan tsaya idan wani abu ya faru: bakin ƙofa, in riƙa fitar da su layi layi, ƙanana tukuna.

Bayan an tashi na ba ta labarin yaron nan mai satar kallo. Na ɗauka za ta ji haushi. Dariya ta yi, ta ce gobe a mayar da shi gaba shi kaɗai, kuma kar in faɗa masa dalili. 'Yar mai 3 a juye kuwa ta ce in riƙa sa ta zana shi da yatsa a rairayi kafin ta taɓa alli. Irin waɗannan, in ji ta, ko a ENI, makarantar horar da malamai, ba a karanta su a takarda, sai an shiga aji.

Ta kuma ce in zo da karan dawa yankakke, ɗauri goma goma, don darasin ƙirga. Na sa ƙanena ya samo mini a bayan gari, ya ce sai na biya shi dala ashirin. Mun daidaita a kan goma, rabi yanzu, rabi idan ya kawo.