Maɓalli ya ƙi aiki a taminal? Fara gano inda saƙon ya tsaya

Duk wanda ke shiga sabar daga nesa ta SSH daga ofis a Wuse ko daga gida a Kubwa ya san wannan matsalar: ka danna maɓalli, taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ta yi shiru ko ta fito da wasu alamomi kamar ^[[A. Abin da aka fi yi shi ne a kwaso layuka daga intanet a zuba a .bashrc, fayil ɗin saitin bash, a ƙara dagula lissafi. Shawarata ita ce kada a taɓa fayil ko ɗaya sai an gano a wane mataki saƙon ya maƙale. Maɓallin da ka danna yana bi ta tsarin kibod, sai tebur ɗin kwamfuta (desktop), sai manhajar taminal, sai tty (sashen da ke haɗa taminal da shirye-shirye), sai tmux (mai raba taminal zuwa tagogi) in kana amfani da shi, kafin ya isa bash mai karɓar umarni ko vim mai gyaran rubutu. Kowannensu na iya haɗiye shi.

Kayan gwajin farko shi ne cat -v. Rubuta shi, danna Enter, sannan ka danna maɓallin da ke ba ka wahala. In alamomi sun fito, taminal ta aika saƙon, laifin yana can gaba. In babu abin da ya fito, an tare shi tun kafin ya iso: ko tebur ya ɗauke shi, ko menu na taminal. GNOME Terminal, alal misali, yana riƙe F10 don buɗe menu, shi ya sa F10 ba ya fitar da kai daga htop, shirin duba ayyukan da ke gudana, sai ka kashe wannan zaɓin a Preferences. Don ganin abin da kibod ɗin kansa ke bayarwa, akwai xev a X11 da wev a Wayland, tsarin nuna tagogi biyu na Linux.

Kafin a yi nisa, a duba kibod ɗin. Wasu laftof na hannu da ake saya a Banex Plaza da kewayensa daga Turai suka zo. Na Ingila ya musanya wurin @ da alamar ", kuma | yana kusa da Shift na hagu. Na Jamus ya musanya Z da Y, don haka wanda yake ganin Ctrl+Z ya danna, Ctrl+Y ya aika. Umarnin localectl status zai nuna tsarin da aka saita, setxkbmap gb ko setxkbmap us ya daidaita shi a X11.

Sai maganar Ctrl+C. A taminal ba ya kwafa. Yana aika lamba 3, tty kuma ya mayar da ita SIGINT, wato siginar katsewa, ya kashe aikin da ke gudana. Kwafa da liƙawa a GNOME Terminal da Konsole Ctrl+Shift+C ne da Ctrl+Shift+V. A PuTTY, manhajar SSH ta Windows, zaɓar rubutu da linzami ya isa kwafa, dannawar dama ta liƙa. Ɗan'uwan Ctrl+C, wato Ctrl+S, ya fi ruɗa mutane: allo ya daskare, a ɗauka intanet ce ta yanke, a rufe taga a yi asarar aiki. Umarnin dakatar da fitar rubutu ne tun zamanin tsofaffin na'urori, Ctrl+Q ke sake shi. In ba ka buƙatarsa, sa stty -ixon a .bashrc.

Backspace kuwa yana da fuska biyu. Wasu taminal suna aika 127, wanda ke bayyana a matsayin ^?, wasu suna aika 8, wato ^H. In abin da taminal ta aika bai dace da abin da tty ke jira ba, maimakon gogewa sai ka ga ^H^H^H. Rubuta stty -a ka nemi kalmar erase, ka gwada da abin da cat -v ya nuna. Gyaran ya fi dacewa a yi shi a taminal: a PuTTY, Terminal sannan Keyboard, a zaɓi Control-? mai lamba 127. Gyara da stty erase yana aiki, amma sai ka maimaita shi a kowace sabar.

In kibiyoyi suna fitar da ^[[A a sabon asusu a Ubuntu, kada ka zargi taminal. Umarnin useradd yakan ba mutum /bin/sh, wanda dash ne, wani mai karɓar umarni ba bash ba, shi kuma dash bai san gyaran layi ba. chsh -s /bin/bash, ka fita ka dawo, shi ke nan. In kuma Home da End ne suka lalace a cikin vim ko less kawai, duba echo $TERM. Shirye-shirye suna karanta ma'anar kowane maɓalli daga terminfo, kundin bayanan taminal, bisa sunan taminal da wannan umarnin ya nuna. Sabar da ba ta san sunan taminal ɗinka ba, kamar xterm-kitty, za ta rikice. Maganin shi ne infocmp -x | ssh sabar tic -x - domin tura mata bayanin, ka sa sunan sabar taka a wurin kalmar sabar. A cikin tmux, TERM ya zama tmux-256color ko screen-256color. Tilasta xterm-256color a .bashrc kuskure ne da nake yawan gani, yana gyara abu ɗaya ya ɓata uku.

Akwai abin da ba ya gyaruwa ta hanyar da aka saba, kuma gara a sani da wuri. Tab da Ctrl+I lamba ɗaya suke aikawa, wato 9. Enter da Ctrl+M 13 ne, Esc da Ctrl+[ 27. Gado ne daga ASCII da na'urori irin su VT100 na 1978. Alt kuma yawanci Esc yake aikawa sannan harafin, shi ya sa tmux ke ɗan jira bayan Esc ya ga ko wani abu na biye. A tsofaffin sigogi jiran milisakan 500 ne, kuma masu vim suna jin nauyinsa. Sa set -sg escape-time 10 a .tmux.conf. A Mac sai an kunna Use Option as Meta key kafin Alt+B da Alt+F su yi tsallen kalma.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin aiki saboda ƙ, ɓ, ɗ da ƴ. Harafin ƙ bait biyu ne a UTF-8, cat -v zai nuna shi M-FM-^Y. In yana fitowa a matsayin alamar tambaya, duba locale, wato saitin harshe, a ɓangarori biyun, naka da na sabar, ka tabbata LANG ya ƙare da UTF-8. In Backspace yana goge rabin harafin ya bar datti, stty iutf8 ne maganin. Inda IBus, tsarin shigar da haruffa na Linux, ke aiki, Ctrl+Shift+U sannan 199 da Enter yana ba da ƙ, 253 ɓ, 257 ɗ, 1b4 ƴ.

Idan ka liƙa rubutu ka ga 200~ a farkonsa, wani shiri ne ya mutu bai kashe yanayin liƙawa ba, printf '\e[?2004l' zai kashe shi. In allon gaba ɗaya ya rikice har ba ka ganin abin da kake rubutawa, danna Ctrl+J, rubuta stty sane ko reset a makance, ka sake danna Ctrl+J, domin a wannan halin Enter ma ba lallai ya yi aiki ba.