Ƙasar Zariya da Abin da Mai Sayen Fili Ya Kamata Ya Duba

Yawancin masu sayen fili a Zariya, ko a Hanwa ne, ko Dakace, ko bayan Samaru, suna tambayar takarda da faɗi da tsawo da nisan titi, amma da wuya a ji wanda ya tambayi irin ƙasar da za ta ɗauki gidansa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne galibi da rani ake ciniki, lokacin da ko'ina ya bushe ƙamas, har filin fadama da na tudu suka zama iri ɗaya a ido. Ni a ganina, wanda bai ga fili a watan Agusta ba, bai san abin da ya saya ba.

Zariya tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya fito fili a Kufena. A yawancin wurare saman dutsen ya ruɓe ya zama jar ƙasa mai haɗe da yumɓu, a kanta kuma akwai ƙasa mai laushi wadda iska ta tara tun zamanin da. Idan aka haƙa rami, sau da yawa akan ci karo da tsakuwa ko marmara kafin a yi nisa, yayin da a bakin Galma da Kubanni ƙasar takan koma baƙar laka mai riƙe ruwa. Ruwan saman da ake samu a shekara ya kai milimita 1,000 ko ya ɗan haura, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba.

Jar ƙasar tudu tana ɗaukar gini sosai, kuma tsohon Masallacin Juma'a da aka gina a ƙarni na 19 da ganuwar birni sun isa shaida a kan ingancinta. Idan harsashi ya sauka a kan marmara mai kauri, mai gida ya yi dace, ko da yake masu haƙa za su nemi ƙarin kuɗi domin sai da diga. Laka kuwa takan kumbura da damina ta tsuke da rani, har ta tsattsage a iya zura hannu a ciki, kuma wannan motsin ne yake fasa bango daga kusurwar taga zuwa ƙasa, a shafe da siminti bana, baɗi ya sake buɗewa.

Wurin da ya fi damuna shi ne tsohon kududdufi. Kakanninmu sun ɗebi ƙasar gini daga cikin unguwa, ramukan suka zama matattarar ruwa, daga baya aka yi ta zuba shara har suka cika, yanzu kuma ana yanka su filaye. Wanda ya haƙa a irin wannan wuri zai ga baƙar ƙasa mai sako-sako, gauraye da leda da toka da tsumma da fasassun kwalabe, kuma ba ta daina lotsawa ba tukuna. Bene a kan irin wannan ƙasa, ba tare da injiniya ya gwada ta ba, ganganci ne da rayuka. Dattawan unguwa sun san inda kowane kududdufi yake a da, saboda haka tambayarsu ta fi tambayar dillali amfani.

Sokawe da salga suna son ƙasar da take shan ruwa a hankali. Marmarar da ta ƙarfafa harsashi ita ce kuma takan hana ruwa nutsewa, laka ma haka, shi ya sa a wasu gidaje sokawe yake tumbatsa a tsakiyar damina ko da ba a daɗe da kwashe shi ba. Gwajin ba shi da wuya: a haƙa rami a inda ake son yin sokawen, a cika shi da ruwa ya jiƙa, washegari a sake cikawa a lura da saurin janyewarsa. Idan ruwan ya wuni bai ragu ba, wurin bai dace ba. Sannan akwai batun rijiya, domin rijiyoyinmu daga ruɓaɓɓen dutsen nan suke samun ruwa, ba su da zurfi sosai, kuma da damina ruwan yakan taso kusa da sama. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin rami da rijiya, ramin kuma ya kasance ta gangare. A fili mai ƙafa 50 da 100 wannan tazarar da ƙyar take samuwa, dole sai maƙwabta sun zauna sun daidaita inda kowa zai haƙa, tun kafin a ɗora bulo.

Game da lambu, ƙasar tudu a nan ba ta da ƙarfi kamar yadda launinta yake nunawa. Tana da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye da sinadaran da shuka take buƙata, kuma bayan ruwa mai ƙarfi samanta yakan yi ɓawo ya hana iri tsirowa, matsalar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta daɗe tana nazari a kai. Maganinta shi ne kashin shanu ko na kaji da ya ruɓe, da rufe kunya da ciyawa. Tumatir da albasa da attaruhu da ake nomawa da rani a fadamar Galma suna samun laka da danshin da gidan tudu ba shi da su. Saboda haka idan an zo share fili, a ce wa leburori su tara ƙasar saman a gefe guda, kada su haɗa ta da jar ƙasar da ta fito daga harsashi, domin ita za a mayar inda ake son shuka zogale da alayyafo.