Godiyata ga duk wanda ya sa hannu a karatuna na FNP

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, an yi walima an watse lafiya, baƙin da suka zo daga New Jersey da Maryland duk sun kira sun ce sun isa gida. Ranar da aka miƙo mini makirfo kuka ne ya ci ƙarfina, ban faɗi ko rabin abin da ke raina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, don godiyar ta isa ga kowa, har da mutanen Katsina da suka hana idonsu barci suna kallonmu ta bidiyo.

Kafin godiya bari in warware wani abu, don na ji Goggo tana ta shelanta wa maƙwabta cewa 'yarta ta zama likita a Amurka. Goggo, Allah ya bar mana ke, amma ban zama likita ba. Har yanzu nas ce ni, sai dai na hau matakin da ake kira FNP, wato Family Nurse Practitioner, nas mai duba marasa lafiya da kanta. A da, likita ne ke duba mara lafiya ya rubuta abin da za a yi, ni kuma in ba da magani, in sa ƙarin ruwa, in kwana ina lura da shi. Yanzu ni zan zauna da mutum in saurari kokensa, in duba shi, in tura shi gwaji, in gano ciwon, in rubuta magani da sa hannuna, tun daga jariri har tsoho. Wannan mataki ya samo asali ne a 1965 a Jami'ar Colorado, inda wata nas, Loretta Ford, da likitan yara Henry Silver suka fara horar da ma'aikatan jinya saboda ƙarancin likitoci a karkara. Ta rasu a watan Janairun 2025 tana da shekara 104. Allah ya ja kwananta har ta ga irinmu da muka fito daga makarantar jinya ta Najeriya muna bin hanyar da ta share.

Abin da ya tura ni makaranta kuwa shekarar 2020 ce. Duk wanda ya yi aikin asibiti a Bronx ta birnin New York a farkon annobar korona ya san abin da idonmu ya gani. Mutanen da suka fi jigata a ɗakinmu su ne masu hawan jini da ciwon suga waɗanda suka yi shekaru ba wanda ya duba su. Da yawa direbobin tasi ne da masu aikin shago, wasunsu da Hausa nake yi musu sannu. A lokacin na ƙudurta cewa ina so in riƙa haɗuwa da irin waɗannan mutane tun suna tafiya da ƙafarsu, kafin a kawo su a gadon ɗaukar marasa lafiya.

Godiya ta farko bayan ta Allah, ga Inna da marigayi Baba. Baba ne ya tsaya kai da fata sai na shiga makarantar jinya a lokacin da dangi ke cewa aikin dare bai dace da 'ya mace ba. Allah ya jiƙansa, ya kai ladan wannan aiki kabarinsa. Inna kuma, ba jarrabawar da na shiga ba tare da na kira ta ba, tun daga NCLEX da ta ba ni lasisin nas a ƙasar nan. Ba ta san sunan ko ɗaya ba, amsarta kullum ɗaya ce: je ki, an gama da yardar Allah.

Maigida, Baban Yara, na rasa ta inda zan fara. Digiri na biyu ake yi, ga aikin awa 12 a asibiti ban ajiye ba, don da shi ake biyan haya. Kai ka koyi tsefe kan 'yar auta, kai kake zuwa taron iyaye a makaranta, kai ka ci shinkafar jiya ba ka taɓa ɗaga kai ka yi magana ba. Daren da na rufe littafin ilimin magunguna na ce na haƙura, cewa ka yi in kwanta, in gari ya waye sai in haƙura. Da gari ya waye na tarar ka jera mini katunan bita a kan tebur kusa da shayi. Allah ya saka maka da Aljanna. Yarana, na ci bashin lokacinku mai yawa, zan biya in sha Allahu.

Hajiya ta hawa na uku, uwa ba da nono ba, mutuniyar zangon Kumasi. Ba dangin iya ba na baba, amma ƙarfe shida na safe nake ƙwanƙwasa miki ƙofa da yara a hannu, ko sau ɗaya ba ki ɓata fuska ba. Waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, da kika saba musu da shi, yanzu sun ce tuwona ba ya burge su, wannan kam sai mun yi shari'a. Matan adashenmu, ku ma kun san abin da kuka yi. Kuɗin makaranta a ƙasar nan ba wasa ba ne, ni kuma ina gudun bashi mai ruwa. Duk zangon karatu sai wata a cikinku ta ce in ɗauki kwasarta, ita za ta jira. Da wannan da ɗan tallafin karatu na wurin aiki aka rufa asiri.

Abokan aikina na ɗakin jinya, 'yan Jamaika da Filifin da 'yan'uwana Yarbawa da Ibo, kun yi ta musanya mini ranakun aiki har jadawalin ya koma kamar zanen lalle. Na gode.

Yanzu na zo kan wadda ta fi kowa wahala da ni a fagen karatun. Darussan aji, wato yadda cuta ke aiki a jiki, da ilimin magunguna, da dabarun duba mara lafiya, mutum zai iya yin su a gaban kwamfuta da tsakar dare. Amma ba a zama FNP sai an yi ɗaruruwan awoyi ana duba marasa lafiya na gaske a ƙarƙashin wani ƙwararre. An daɗe mafi ƙaranci awa 500 ne, ƙa'idojin 2022 kuma suka ɗaga shi zuwa 750. Makarantu da yawa sai su bar ɗalibi ya nemo mai koyar da shi da kansa, tawa ma haka ta yi. Na yi ta buga waya ana cewa a cike ake, wasu kuma suka yanka mini kuɗi. A ganina wannan zalunci ne, makarantar da ta karɓi kuɗin ɗalibi ita ya kamata ta nema masa wurin horo. Ana cikin haka Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa baƙar fata 'yar asalin ƙasar nan, mai aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa. Ta karɓe ni ko sisi ba ta nema ba.

Ba ta da sauƙi ko kaɗan. In na fito daga ɗakin dubawa na ce ina ganin ciwo kaza ne, sai ta ce to, kawo wasu biyu da za su iya zama, kuma wanne ne a ciki zai iya kashe shi kafin gobe? Ba ta yarda mai ciwon suga ya fita ba a cire masa safa ba. Da kanta take durƙusawa, ta buɗe tsakanin yatsun ƙafa, ta ɗauki wani siririn zare na roba tana taɓa tafin ƙafar, mutum ya rufe ido yana faɗin inda ya ji. A nan na ga dattijon da ke yawo da gyambo a ƙarƙashin babban yatsa bai ma sani ba, don jijiyoyin sun daina kai saƙo. Da azumi ya matso kuma sai ta juyo ta ce yau ni ce malama, in koya mata. Muka zauna muka tsara yadda za a riƙa tambayar kowane Musulmi mai ciwon suga ko zai yi azumi, a mayar da shan maganin suga na metformin lokacin buɗa-baki da sahur, a sake duba magungunan da ke iya faɗar da suga da rana, a kuma gaya masa alamomin da in ya ji su dole ya karya. Mutanenmu ba sa faɗa wa likita za su yi azumi, tsoro suke kada a hana su. In ka tambaye su da harshensu, sai su faɗa maka har da jiƙon da aka aiko musu daga gida. Ba ta jin Hausa, amma na sa an fassara mata wannan saƙo. Allah ya ba ta lafiya da nisan kwana.

Marasa lafiyar da suka yarda ɗaliba ta duba su, doka ta hana in ambaci kowa, amma kuna raina. Musamman iyayen da suka haƙura ina leƙa kunnen yaro yana tsala ihu.

Jarrabawar ƙarshe ta AANP ce, hukumar da ke ba irinmu shaidar ƙwarewa, tambaya 150 cikin awa 3, kuma Allah ya ba da sa'a. Takardar Jihar New York ma ta fito. Sai dai da sauran tafiya: a jihar nan sai sabon FNP ya cika awa 3,600 yana aiki da rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsa da likita kafin ya tsaya da ƙafarsa, kuma duk shekara 5 ana sabunta shaidar ƙwarewa. Likitan da ya amince ya sa hannu a tawa yarjejeniyar, na gode. Limaminmu da ya yi addu'a, matan da suka kwana suna suyar masa da dambun nama, samarin da suka kwashe kujeru, Allah ya biya ku. Wanda ban ambata ba ya yafe mini.

Sai roƙo ɗaya ga dangi. Tun daren walima hotunan sakamakon gwaji suke shigo mini ta WhatsApp daga Katsina da Maraɗi. Lasisina bai wuce Jihar New York ba, kuma ba a rubuta wa mutum magani ba a gan shi ba. Zan iya bayyana muku abin da takardar ke nufi, in gaya muku tambayoyin da za ku yi wa likitanku, amma sunan magani kada ku jira shi daga wurina. Ƙannena nas-nas da ke son bin wannan hanya kuwa, ku turo saƙo, kuma ku fara neman wanda zai horar da ku tun kafin ku biya kuɗin zangon farko.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.