Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rana da Inuwa a Hoto Ɗaya

Makon jiya mun tsaya a kan shigata sana'ar hoto a kasuwannin ƙauye. Yau labarin kaina zai ɗan huta, don wanda bai san yadda ake haɗa hoto uku su koma ɗaya ba, ba zai fahimci abin da ke tafe ba.

Ga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, rana ta take tsaka. Fili ya yi fari fat, dillali na zaune cikin rumfar zana, shanu na bayansa a kara. Idonka yana ganin fuskarsa, yana ganin shanun. Kyamara kuwa ɗaya take zaɓa. In ka auna haske a fuskar, waje ya ƙone kamar farar takarda, in ka auna a waje, mutumin ya koma baƙi ƙirin. Shi ya sa ake ɗaukar wurin sau uku, kowanne da nasa hasken.

Da farko wayar da za ka ɗauki hoton da ita ta zauna daram. Mariƙi mai ƙafa uku ya fi, amma buhun gero da aka ɗan lotsa samansa ya fi hannun kowa tsayuwa. Shiga sashen Pro na kyamarar wayar, inda ake saita komai da hannu, ka sauke ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 50 ko mafi ƙanƙantar lambar da wayar ta yarda, ka tsayar da ma'aunin launi wajen 5500, ka kulle fokas a kan fuskar. Saurin ƙiftawar kyamara kaɗai za ka taɓa: kamar 1/4000 na daƙiƙa don sama da fili, 1/1000 na tsakiya, 1/250 don cikin rumfa. Kowane mataki haskensa ya ninka na baya sau huɗu. Sa jinkirin daƙiƙa 2, saboda dangwalar yatsa ma tana gusar da waya. Kuma a nemi izini tukuna: "Baba, don Allah a ɗan daure haka, kafin in ƙirga ashirin."

Da damina a yi sauri. Girgije ɗaya ya gifta tsakanin hoto na farko da na uku, aikin ya lalace.

A Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya, buɗe hoton na tsakiya. Zaɓi Double Exposure, mai ɗora hoto a kan hoto, ka ɗora mai hasken nan na 1/250, ka ja ƙarfinsa har ƙarshe, ka amince. Sai ka shiga View edits, ka taɓa alamar buroshi. Wanda ka ɗora zai ɓace, sai inda ka shafa yake fitowa. Shafa fuska da cikin rumfa da ƙarfin buroshi 75 ko 100, bakin rumfa da 25. Ka maimaita da mai duhun don dawo da sama. Snapseed ba ya daidaita hotunan da suka goce; mai kwamfuta yana da Auto-Align Layers mai yin wannan aiki a manhajar Photoshop, mai waya kuwa sai buhunsa.

A bakin rumfar nan ake gane gwani. Wanda ya shafa da 100 har gefen zana zai ga wani farin zobe ya kewaye ta kamar an zana da alli. Sai ka buɗa hoton da yatsa biyu har tsinken zana ya fito ɗaya-ɗaya, ka bi shi a hankali. Shanu kuma ba sa jiran kowa, don haka a ɗauko su daga hoto guda kawai, in ba haka ba ka sami sa mai ƙaho huɗu. Rumfar shuɗin tampol tana rina fuska, sai an ɗan ƙara wa wannan hoton ɗumin launi kafin haɗawa. Da hunturu a goge gilashin kafin a fara, ƙura tana dusashe hoto kamar hazo.

Abin da ba na yafe wa ɗalibi shi ne haska inuwa har ta kamo rana. Duk wanda ya taɓa fakewa a rumfa ya san cikinta ya fi waje duhu, ko bai san hoto ba zai ce wannan haɗi ne.

In an gama, a fitar da shi sau ɗaya tak, a tura wa mai wankin hoto ta WhatsApp a matsayin fayil, don turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi.

Mako mai zuwa sai gadar Wudil da dare, da yadda fitilun tirela ke zama jan zare.