Tambayar da malamina ya yi mini kan madubin Haleakala

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, malaminmu na fiziks ya ba ni aikin rubutu kan na'urar hangen rana ta Daniel K. Inouye, wadda Amurka ta gina a kan dutsen Haleakala a Hawai. Madubinta ne ya ɗauke mini hankali: faɗinsa mita 4, an yi gilashinsa a Jamus, aka goge shi a Jami'ar Arizona. Na cika shafuka a kansa ina jin na ƙure magana.

Malam ya karanta bai ce uffan ba, sai da ya kai ƙarshe ya ɗago kai. "To, zafin fa, ina suke kai shi?"

"Wallahi Malam, ban duba ba."

Kunya ta kama ni, domin tun ina yaro nake ƙona takarda da gilashi a tsakar gida. Madubi mai wannan girma yana tara zafin da ya kai kilowat 13 wuri guda. Shi ya sa aka kafa wani ƙarfe mai ƙaramar huda a inda hasken ke haɗuwa, ruwan sanyi na zagaya shi, yana tare mafi yawan hasken ya bar kaɗan ya wuce. Bututun sanyaya ginin sun haura kilomita 11, kuma da daddare ake haɗa ƙanƙarar da za a yi aiki da ita da rana. Idan madubin ya fi iskar da ke kansa ɗumi ko da kaɗan ne, hoton zai riƙa rawa kamar kawalwalniya a kan kwalta. Duk wannan hidimar ba ta fitowa a hotunan da muke yabo, amma ita ke riƙe da su.

Na kuma ɗauka cewa da an ga hoto an gama. An fara ginin a 2013, hotunan farko suka fito a Janairun 2020, fuskar rana na tafasa kamar kunu a tukunya. Amma sai Fabrairun 2022 aka soma binciken masana, shi ma cikin zangon gwaji. Tsakani ana ta saiti da gyara, ga cutar korona ta kawo cikas.

Akwai abin da na tsallake, har yau yana damuna: 'yan asalin Hawai na ɗaukar dutsen wuri mai tsarki, sun tare motocin kayan ginin a 2015 da 2017, aka kama wasunsu.

Da na sake rubuta aikin, madubin shafi biyu ya samu. Zafi ya cinye sauran.