Ɓerayen da na gani a ɗakin gwaji

Jiya na raka ƙanwata ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu, tana aikin kammala digiri a fannin haɗa magunguna. Fararen ɓeraye ne cike da keji, kowanne da alamar tawada a wutsiya. Ɗaya ya lafe a lungu bayan an yi masa allura, jikinsa sai ɓari yake. Wallahi har na kwanta abin yana raina.

Amma bakina ya yi nauyi. Hajiyarmu na fama da ciwon sukari, kullum sai ta yi allurar insulin, kuma da karnuka aka yi gwajin da ya kai ga samo shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921. Ya zan yi da wannan?

Wanda zuciyata ta kasa ɗauka shi ne gwajin kayan kwalliya a kan dabbobi. A ɗaure zomo, a ɗiga masa sinadari a ido, don kawai a fitar da sabon man gashi? Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi tun 2013, kuma matan can ba su fasa ado ba.

Na tambayi ƙanwata ko suna ba ɓerayen maganin rage zafi. Ta ce wani lokaci. Na roƙe ta don Allah, duk inda gwajin ya ba da dama, kada ta hana su.